Wa Zai Gyara Kwalbatin? Ƙaramar Hukuma, Ƙungiyar Gari Da Wasan Kwaikwayo

'Yan'uwa, duk ƙauyen da muka je taro, da wuya a tashi ba a ji wani dattijo ya ce, "Gwamnati ta manta da mu." In ka tambaye shi wace gwamnatin, sai ya ce Abuja. Alhali kuwa kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyar kasuwa, da rumfunan kasuwar, da mahauta, ba aikin Abuja ba ne. Aikin ƙaramar hukuma ne, wadda sakatariyarta ba ta wuce tafiyar babur ba.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Tsarin ya samo asali daga gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976, zamanin Janar Obasanjo. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa. Ya kuma ce su sa hannu a makarantun firamare, yaƙi da jahilci, noma da kiwon lafiya. Suna da kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma a nan yakan ragu. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su shugabance su, ba kantomomin riƙo da gwamna ya naɗa ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Duk da haka, shugaban ƙaramar hukuma da kansilan gundumarku suna da abin da za su amsa a gabanku.

To, wa zai tambaye su? Mutum ɗaya in ya je sakatariya, zai wuni a kan benci a ce masa ya dawo gobe. Ƙungiya kuwa ana jin nauyinta. Mu ba baƙin aikin gayya ba ne. Iyayenmu da gayya suka yi noma, suka yi rufin ɗaki, suka haƙa rijiya. Yau ma akwai ƙungiyar ci gaban gari, da ta matasa, da 'yan adashi, da Zumuntar Mata. Ƙarfi akwai shi. Abin da na ga yana kayar da mu shi ne rashin takarda.

Na taɓa raka shugabannin wata ƙungiya kai kukan rijiyar burtsatse. Sau uku suka ce sun je a baya, amma da aka tambaye su kwafin wasiƙarsu, babu. Da baki suka yi ta roƙo. Saboda haka ku yi wa ƙungiyarku rajista a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Ku sami littafin rubuta abin da aka tattauna, da littafin kuɗi da kowa zai iya dubawa. Idan kun rubuta wasiƙa, ku yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ku dawo da shi gida. Ku kai ta kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake shirya kasafin kuɗi, domin aikin da bai shiga kasafi ba sai ya jira baɗi. Kuma ku faɗi abin da ku za ku kawo: yashi, duwatsu, leburanci. Buƙata ɗaya a fili ta fi jerin goma.

Amma akwai abin da wasiƙa ba ta iya yi. Ba ta haɗa kan gari, ba ta kuma buɗe bakin mace a gaban dagaci. Nan wasan kwaikwayo da waƙa suke shigowa. A shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka fara fita Samaru da ƙauyukan kewaye. Sai su zauna da mutane su saurari damuwarsu, su shirya wasa a kanta, a yi shi a dandali da Hausa. Bayan wasan, ko ma a tsakiyarsa, sai a juya ga 'yan kallo: ku da kuke nan, me ya kamata a yi?

Wannan ba ya bukatar janareta ko lasifika. Matasanmu da ke shirya wasan Kirsimeti sun riga sun iya. A nuna mace mai naƙuda a bayan babur, sun iso rafi, kwalbati ya karye. A tsaya a nan. Kowa ya san matar, domin an yi haka a garin. Na ga tsohuwar da ba ta taɓa magana a taro ba ta miƙe tana gyara wa 'yan wasa yadda abin ya faru. Abin da aka yi shawara a wurin, sakatare ya rubuta, shi ne zai zama wasiƙar.

Ku gayyaci kansila da dagaci, ku ba su kujera a gaba. Sai dai a yi hattara: kada a kwaikwayi tafiyar wani ko muryarsa har a gane shi, kada a sa hular jam'iyya. Wanda aka kunyata a bainar jama'a ba zai sa hannu a takardarku ba. Ku gayyaci maƙwabta Musulmi tun daga shirin wasan, ba ranar kallo kaɗai ba, sunayensu su fito a wasiƙar tare da naku. Bayan mako biyu, mutum uku su koma sakatariya da kwafin nan mai hatimi su tambayi inda maganar ta tsaya.