Injin da ke shan wuta ko ba ya aiki

Ranar da aka fara kai mu ɗakin koyon aiki na sashen injiniyanci, abin da ya fi burge mu shi ne injin sassaƙa ƙarfe. Ya kan juya sandar ƙarfe da gudu, wuƙa tana fere ta kamar yadda kuke feƙe fensir. Mun ɗauka a wajen yankan nan wuta take ƙarewa. Ashe ba haka ba ne.

A shekarar 2006, Farfesa Timothy Gutowski na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa sun fitar da alƙaluman wani layin injuna na kamfanin Toyota: kusan kashi 15 cikin ɗari na wutar kaɗai ke tafiya wajen yanka ƙarfe. Sauran kashi 85 fa? Famfon ruwan sanyaya wuƙa, famfon mai, na'urar kwashe ɓarɓashi da makamantansu ne ke shanye shi, ana yanka ko ba a yi.

To mu yi lissafi. A watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar Band A naira 225 kan kowane yunit. A ce inji yana jan kilowat 2 yana zaune, ma'aikaci kuma ya bar shi a kunne awa 3 kullum, lokacin cin abinci da jiran kaya. A farashin wancan lokacin, naira 1,350 ke nan a rana, naira 35,100 a kwana 26, kan inji ɗaya tak da bai yanki komai ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa kuwa, in aka ɗauke wuta, dizal suke ƙonawa.

Wani abu da ya ɗaure mana kai da farko: sau da yawa yanka da sauri ya fi rage shan wuta, domin aikin na ƙarewa da wuri, famfunan su huta. Sai dai a kula, gudu in ya yi yawa wuƙa ce ke saurin dakushewa.

Ba kuma kowane inji ake kashewa ɗungurungum ba. Masu aiki da kwamfuta kan buƙaci su ɗan ɗumama kafin awonsu ya daidaita, shi ya sa sababbin ke zuwa da tsarin da ke tsayar da famfuna da kansa in aiki ya tsaya. Tsofaffin namu kuwa, sai an sa hannu an murɗa makunni.