Aikin Hannu da Bayanin Baki: Ayyukan Kimiyya da Zane a Ƙananan Makarantun Sakandare na Yammacin Katsina

Al'ada ce a makarantunmu, idan ƙarshen zangon karatu ya gabato, malamin kimiyya ko na zane ya umarci kowane ɗalibi ya yi wani abu da hannunsa ya kawo a ba shi maki. Wani ya kawo motar kara, wata ta kawo faifai ko mafici, wani kuma ya haɗa batir da waya da ɗan ƙwan tocila. Malam ya duba, ya rubuta maki, a tara kayan a kusurwar ofis har gara ta cinye su. Abin da ba a cika yi ba shi ne a tsayar da yaron a tambaye shi yadda ya yi, da abin da ya ba shi wuya, da abin da zai sake in an ce ya kuma. Wannan maƙala za ta dubi wannan mataki da ake tsallakewa, da kuma harshen da ya kamata a yi shi da shi. Za a ɗauki misalai daga rayuwar yaran ƙauyuka irin su Babban Duhu ta ƙasar Safana, da maƙwabtanta Runka da Zakka da Batsari, waɗanda ke gefen dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina.

Aikin hannu ba baƙo ba ne a makarantar boko ta ƙasar Hausa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da kafinta da ɗinki. Wajen 1930 aka haɗe makarantun sana'a da manyan azuzuwan makarantun lardi, aka fitar da abin da ake kira midil. A Midil ta Katsina ne Abubakar Imam yake koyarwa sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933. Bayan mulkin kai, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiki da shi a 1982, aka ware shekara uku na ƙaramar sakandare domin yaro ya ɗanɗana kimiyya da fasaha da zane kafin ya zaɓi hanya. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, amma da yawa daga cikinsu sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda ba lantarki, ba ɗakin aiki, ba kuma malamin da ya san kansu. Tun daga lokacin nan aka ɗauka cewa kimiyya aba ce da ake kawowa a akwati daga nesa, kuma makarantar da akwatin bai kai gare ta ba sai haƙuri.

To, amma mu dubi abin da yaron ƙauye yake zuwa aji da shi. Da kaka, bayan an yanke dawa, yara kan sami sillen kara su ɓare bayansa su yi tsinke da shi, su yanka totuwa gunduwa-gunduwa, su harhaɗa mota. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, daga na gaba ake gani. Yaron da ya yi motar kara sau uku ya san cewa in ƙafafun ba su zo daidai ba motar za ta riƙa karkata gefe guda, in ramin ƙafa ya matse sandar da ke riƙe da ita ba za ta juya ba, in kuma ya ɗora kaya can sama za ta kife a kwana. Waɗannan su ne batutuwan da littafin aji ɗaya yake kawowa da Ingilishi a kan gurzuwa da daidaiton nauyi. Yarinyar da ke saƙa faifai kuwa ƙidaya take yi: zagaye kaza fari, kaza ja, kuma kowane zagaye ya fi na cikinsa tsawo, don haka dole ta ƙara yawan ɗinki in tana so adon ya haɗu ba tare da ya goce ba. Lissafin da'ira ke nan, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Akwai gwaji guda da ya cancanci a daɗe a kansa, domin ba ya bukatar kome sai abin da ke cikin madafar kowace uwa. A jiƙa zoɓo a tace, a raba ruwan kofi uku. A bar na farko yadda yake. A matsa lemon tsami ko a zuba ruwan tsamiya a na biyu, za a ga jansa ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na uku, sai launin ya juye ya yi duhu, ya koma wajen shuɗi-shuɗi ko kore-kore gwargwadon yawan kanwar. Dalili shi ne, sinadarin da ya ba zoɓo launinsa yana sake kama idan ya haɗu da abu mai tsami, yana kuma sake wata kamar idan ya haɗu da kishiyar tsami, watau dangin kanwa da ruwan toka da sabulu. Aikin da takardar gwaji ta ɗakin kimiyya take yi ke nan, wadda ake sayowa da kuɗi. In kuma aka zuba ruwan tsamiya a kan garin kanwa za a ga yana kumfa, wannan kumfar kuwa iska ce irin wadda mutum yake fitarwa in ya yi numfashi.

Abin sha'awa a nan ga mai nazarin harshe shi ne, Hausa ta riga ta tanadi maganar. Mace in za ta yi miyar yakuwa takan jefa 'yar kanwa, in an tambaye ta sai ta ce don ta kashe tsami. Wannan jimla, kanwa tana kashe tsami, ita ce ainihin darasin da ake sa yara su haddace da dogayen kalmomin Ingilishi. Ɗalibin da aka ce ya tashi ya bayyana gwajin zoɓo da harshensa zai kai ga wannan jimlar da kansa, kuma daga ranar ya gane cewa abin da ke cikin littafi da abin da ke cikin tukunyar uwarsa abu ɗaya ne.

Sai dai kada a zarce da yabo. Sanin gida yakan tsaya ga yadda ake yi, ba kasafai yake shiga dalili ba, kuma awonsa na ido ne da ɗanɗano. Uwa ta san kanwa tana kashe tsami, amma ba ta rubuta cokali nawa ke kashe kofi nawa ba, ba ta kuma gwada ko ruwan toka zai yi daidai da kanwa ba. Abin da makaranta za ta ƙara ke nan: a auna, a sake gwadawa, a canza abu ɗaya a bar sauran yadda suke, a rubuta abin da aka gani ko da ya saɓa wa abin da aka zata. Wanda ya haɗa sanin gida da irin wannan tunani shi ne marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, yana tafiya da zafi. Shi kuwa sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma, ya sami wurin ajiye tumatir da gauta da alayyafo su kwana da yawa ba su lalace ba. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duk kayan aikinsa ana samunsu a kasuwar ƙauye, kuma 'yan aji biyu za su iya maimaita gwajin da tumatir goma, biyar a ciki biyar a waje, su riƙa dubawa kowace safiya.

Jadawalin makaranta ya raba kimiyya da zane, kowanne da malaminsa da sa'arsa. Sana'o'in Hausawa ba su san wannan rabo ba, har ma kalma ɗaya, fasaha, takan ɗauki duka biyun. Marini yana zuba baba da toka a rijiyar marina, ya bari su yi kwanaki suna ruɓa, sa'an nan ya tsoma zane. Zanen yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Majemi yana jiƙa fata da 'ya'yan bagaruwa don kada ta ruɓe, baduku kuma ya samo ja daga karan dafi da kanwa. Almajiri yana haɗa tawada da baƙin gawayi ko na tukunya da ƙaro, ƙaron shi ke riƙe baƙin ya manne a allo, da ita kuma ake zayyana. Saboda haka yaron da aka ce ya zana hoto a makarantar da ba fenti, in ya haɗa launinsa da kansa daga jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da ƙaro, ya yi darasi biyu a zama ɗaya. Ya kamata malaman biyu su zauna tare su saurari bayaninsa, ɗaya ya tambaye shi me ya sa launin bai kama takarda ba sai da ya ƙara ƙaro, ɗayan ya tambaye shi me ya sa ya zaɓi ja a nan, baƙi a can.

Wannan ya kawo mu ga batun harshe. Ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku a ƙauyen Safana, Ingilishinsa bai wuce na gaisuwa da haddar ma'anoni ba. In aka ce ya yi bayanin aikinsa da Ingilishi, abu biyu ne zai faru: ko ya yi shiru, ko ya karanto abin da ya haddace wanda bai shafi abin da ke hannunsa ba. Malam kuwa sai ya ɗauka yaron bai san kome ba. In aka sake shi da Hausa, ko da Katsinancinsa ne na mi da hwari da hwata, sai a ji tunani: na fara yi da kaza sai ya karye, sai na sake da kaza. Faɗin kuskure da yadda aka gyara shi ne zuciyar wannan darasi, kuma ba wanda ke iya faɗin kuskurensa da harshen da yake tsoro. Bayan ya gama sai malam ya ba shi kalmar Ingilishi, ta zauna a kan abin da ya riga ya fahimta, ya kuma rubuta taƙaitaccen bayani da harsunan biyu, tun da jarrabawa da Ingilishi za ta zo.

Masu cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba sun manta da Ikon Allah, littafin da R. M. East da Abubakar Imam suka fitar a ƙarshen shekarun 1940, wanda ya yi bayanin halittu iri-iri da Hausa mai daɗin karatu. A ƙasar Yarabawa kuma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, aka koyar da Ingilishi a matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba, har sun fi su a fannoni da dama. Manufar 1977 ta yarda a fara karatun firamare da harshen uwa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a kai shi shekara shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma ta janye, ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Kowace irin doka aka kafa dai, ba ta hana malami ya ce wa yaro, gaya mini da bakinka yadda ka yi.

Akwai kuma wata illa da bayanin baki yake magancewa. A makarantu da yawa aikin hannu ya koma ciniki: yaro ya karɓi kuɗi a gida ya sayo tsintsiya ko tabarma a kasuwa, ko ya kai wa wani gwani ya yi masa, wani wurin ma kuɗin ake karɓa a madadin aikin. Mai kuɗi ya sami maki, wanda ya zauna ya yi abinsa mai karkatacciyar ƙafa ya koma baya. Tambaya biyu ta isa ta raba su, domin wanda ya saya ba shi da labarin wuyar da ya sha.

Ba a rufe wannan magana ba tare da ambaton halin da yankin yake ciki ba. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga da ke fakewa a dajin Rugu suna tayar da ƙauyukan Batsari da Safana, makarantu da yawa sun yi ta rufewa suna buɗewa, kuma sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ya sa iyaye da dama sun ja baya da tura 'ya'yansu karatu nesa. Malamin da zai yarda ya zauna a ƙauye ya yi wuya, balle kayan ɗakin gwaji. Yaron da karatunsa ya tsinke shekara ɗaya ko biyu, in ya dawo aji ya baro Ingilishinsa a baya, ya girmi 'yan ajinsu, kunya kuma ta rufe masa baki. Amma hannunsa bai manta da kara da yumɓu ba, kuma in akwai zoɓo da kanwa da kofi uku, malam yana da abin da zai fara sa shi magana da shi tun ranar farko.