Takin Ruwa: Dukiyar Da Muke Binnewa A Salga

Duk macen da ta iya surfe ta san ba a tara komai a ƙwarya ɗaya. Gari na tuwo ne, dusa ta akuya, ƙasari ma akwai mai shansa. To, wannan hikimar ce masanan cibiyar binciken muhalli ta SEI, wadda aka kafa a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1989, suka ɗauka suka shiga da ita bayan gida.

Salgarmu tukunyar hatsin bara ce, komai a ciki yake haɗuwa: fitsari, bayan gida, ruwan tsarki. Wannan cakuɗar ce ke tayar da wari, ta kira ƙuda, damina na sauka kuma ta bi ƙarƙashin ƙasa ta gaida rijiyar maƙwabta. Masanan suka ce a raba. Kashi ya faɗa rami, a bi shi da toka kamar yadda ake rufe garwashi da dare, ya yi watanni yana bushewa har ya koma ƙasa. Fitsari kuwa ya bi tasa hanyar zuwa jarka.

Jarkar nan ita ce ta fi burge ni. Ashe mafi yawan sinadarin da muke bi layi muna saye a buhun yuriya yana cikin fitsari. Jikin mutum kamar injin niƙa yake, abin da ya ci daga gona ba ya ɓacewa, fitowa yake ta wata kafa. Sai dai ba a kai shi gona ɗanye. A toshe jarka tam, a ajiye wata ɗaya ko fiye, kamar yadda mai daddawa ke rufe kalwa ta bar ta ta nuna, kafin nan ƙwayoyin cuta sun mutu. Na mutum ɗaya a shekara kan isa ɗan lambu madaidaici.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen Turai ne kawai. Wajen 2009 cibiyar ta haɗa hannu da wasu ƙungiyoyi aka gwada abin a ƙauyukan Agye ta jihar Maraɗi. Mutanen wurin suka kira shi takin ruwa, kuma sunan ya yi rabin aikin, don ba mai son a ce da jarkar fitsari ya tafi gona. A tona ɗan rami gefen shuka, a zuba, a rufe da ƙasa, kada ya taɓa ganye. Gero ya yi duhu, zangarniya ta yi nauyi.

Ba ko'ina aka dace ba. A Erdos ta ƙasar Sin an saka irin wannan makewayi a gidajen bene, wari ya ishi mazauna, daga baya aka cire. Jakin da ke kai kaya kasuwar ƙauye ba lallai ya hau matakala ba.

Na san maganar najasa na nan, kuma ba abin wasa ba ce. Wannan sai a zauna da malamai. Amma mu da muke roƙon Fulani su kwana da shanu a gonarmu bayan girbi mun san darajar taki. Manomin da kuɗin buhu ya gagara bana, ya fara da jarka ɗaya da kunya biyu, ya gani da idonsa.