Shin Ko Kun San? Hadarin Daminarmu Na Tayar Da Igiyoyi A Can Ƙololuwar Sama

• Shin ko kun san cewa iska ma tana da igiyoyi kamar ruwa? In aka jefa dutse a dam ɗin Wasai da ke Minjibir, ruwan zai yi sama, nauyinsa ya dawo da shi ƙasa, zobba su bazu har bakin gaɓa. Haka iska take yi idan wani abu ya ture ta sama: ƙarfin jan ƙasa ya dawo da ita, ta zarce, ta sake tashi, motsin ya yi ta tafiya.

• Shin ko kun san cewa hadarin da manomi ke hangowa ya haɗo daga gabas tsakanin Yuni da Satumba yana cikin manyan masu tayar da waɗannan igiyoyi? Kan irin wannan hadari kan kai tsayin kilomita 15 ko fiye, yana dukan iskar da ke bisansa. Manyan duwatsu da aman wuta ma suna tayar da su. Wani lokaci akan ga sawunsu da ido, in gajimare ya jeru layi-layi.

• Shin ko kun san cewa igiyar tana ƙara girma ne yayin da take hawa? Duk hawan kusan kilomita 16, kaurin iska na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin goma. Ƙarfin da ya ɗan motsa iska mai nauyi a ƙasa, in ya isa inda iska ta yi sakayau, sai ya riƙa wujijjiga ta.

• Shin ko kun san cewa yawancinsu a tsakanin kilomita 60 zuwa 100 suke fashewa? A nan igiyar ke fin ƙarfin kanta, ta kife, ta wargaje.

• Shin ko kun san cewa fashewar ba ita ce ƙarshen labari ba? Igiyar da ta wargaje takan juye duk ƙarfinta a wuri guda, ta ingiza iskar wurin gefe ɗaya cikin ɗan lokaci. Iskar da aka ingiza ta rasa daidaito da ta kewayenta, kuma wajen neman daidaituwa sai ta haifi sababbin igiyoyi. Su ne igiyoyi na biyu. Suna bazuwa gaba da baya, sama da ƙasa, ba sa bin hanyar uwarsu kaɗai. Da yawansu sun fi ta faɗi da gudu, shi ya sa suke haura kilomita 200, inda ita ba ta iya kaiwa. Masaniya Sharon Vadas ta Amurka na cikin waɗanda suka fi zurfafa bincike a kan haka.

• Shin ko kun san cewa tun 1960 masanin Kanada Colin Hines ya bayyana cewa irin waɗannan igiyoyi ne ke yamutsa sashen sama mai ɗauke da cajin lantarki? Ta wannan sashe saƙon GPS da na rediyo mai gajeren zango ke bi.

• Shin ko kun san cewa abin ya shafe mu kai tsaye? Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, kuma a irin wannan yanki, bayan faɗuwar rana, kumfa-kumfa kan ɓullo a wancan sashe su dagula saƙon tauraron ɗan'adam. Masana na lissafa igiyoyin iska cikin abubuwan da ke fara tayar da kumfar.

• Shin ko kun san cewa aman wutar Tonga na 15 ga Janairu, 2022 ya tayar da igiyoyin da na'urori suka gani sun zagaya duniya? A Nuwamba 2023 kuma hukumar NASA ta kai na'urar AWE tashar sararin samaniya domin ta bibiyi igiyoyin ta hanyar ɗan hasken da iska ke fitarwa a wajen kilomita 87.

Ɗalibanmu masu sha'awar kimiyya, wannan fage ne da ke buƙatar masu aunawa daga nan gida, domin hadarin da ke tayar da igiyoyin a kan gonakinmu yake haɗuwa. Ku dage da lissafi da kimiyyar yanayi.