KAFIN KA TARA KARNUKA A GIDA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya fita bayan birnin Katsina da rani, bayan an kawar da amfanin gona, mai yiwuwa ne ya yi kiciɓis da ayarin mafarauta. Ga su nan da gora da adda da barandami, ga kuma karnuka biye da su, wani yana jan uku, wani biyar. Abin yakan ba yaro sha'awa ƙwarai, har ya raya a ransa cewa in ya girma shi ma sai ya tara nasa. To, amma masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A cikin wannan ɗan bayani muna so mu duba abin da ke tattare da kiwon karnuka da yawa a lokaci guda, watau cinsu da shansu, da lafiyarsu, da zamansu da maƙwabta, domin wanda ke da niyya ya san abin da zai ɗauka kafin ya ɗauka.

Su wa ke tara karnuka?

Katsina gari ne na Musulmi tun da daɗewa, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayani cewa ana ajiye kare ne don bukata, kamar farautar neman abinci, da gadin dabbobi, da gadin gona. Saboda haka a cikin tsohon birni, inda gidaje ke manne da juna, ba kasafai ake ganin kare a tsakar gida ba. Masu tara karnuka kashi uku ne. Na farko su ne mafarauta, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, suna sa karnuka su taso musu zomo da gafiya da damo, wani lokaci har da gada. Na biyu su ne makiyaya da masu gonaki da lambuna na bayan gari. Na uku kuwa su ne mazauna sababbin unguwanni da suka yaɗu a wajen ganuwa, musamman tun daga 1987 da birnin ya zama hedkwatar jiha. Waɗannan suna ajiye kare ne don tsoron ɓarayi, wasunsu ma har sukan sayo irin na ƙasashen waje, kamar karen Jamus.

Yadda biyu ke zama ashirin

Yawancin mutanen da suka wayi gari da garken karnuka ba su shirya haka ba. Da kwikwiyo ɗaya ko biyu aka fara. Karya takan balaga tsakanin wata 6 zuwa 12, cikinta kuwa kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma da yawa daga cikinsu sukan nemi barbara sau biyu a shekara. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce mutum yana da karya 2, kowace tana haihuwar 'ya'ya 5 sau biyu a shekara. Kafin shekara ta zagayo an sami kwiyakwiyai 20. Ko da rabinsu sun mutu, saura 10, kuma matan cikinsu za su fara tasu haihuwar a shekara mai zuwa. A nan ne maigida kan rasa yadda zai yi. Ya yi kyauta har masu karɓa su ƙare, daga nan sai a kai sauran bakin bola a zubar. Waɗanda suka rayu su ne karnukan da muke gani suna yawo a kwata da bakin kasuwa, ba mai su, ba mai yi musu allura.

Ci da sha

Baligin kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar abin da ya kai kusan rabin kilo na dafaffen abinci a kullum. Mai karnuka 6 ke nan sai ya tanadi kilo 3 kowace rana, watau kilo 90 a wata. Kare ɗaya yana iya rayuwa da ragowar tuwo da ƙanzo, amma babu gidan da ragowarsa za ta ƙosar da shida. Dole a ɗora musu tasu tukunya, a dama dusa ko tsakin masara, a haɗa da ɗan nama ko kifi, domin hatsi kaɗai ba ya gina jikin kare. Wannan kuɗi ne da ake cirewa daga cefanen iyali, kuma ba ranar hutu.

Akwai kuskure biyu da aka saba yi. Na farko shi ne a kwaso ɗanyen kayan ciki daga kwata a watsa wa karnuka. Huhu da hantar tumaki da shanu da raƙuma sukan ɗauki wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki. In kare ya ci su ɗanye sai su zama tsutsa a hanjinsa, ƙwayayenta su fita a kashinsa, su koma jikin dabbobi da mutane, musamman yaran da ke wasa a ƙasa su ci abinci ba wanke hannu. Maganin abin shi ne a dafa kayan cikin sosai. Na biyu shi ne ba kare ƙashin kaza dafaffe, wanda kan tsage ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. Haka kuma yawan albasa da tafarnuwa yana lalata masa jini.

Batun ruwa ma ba na wasa ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Wancan kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita 1 a rana, da bazara kuma ya fi haka nesa. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa sai ya sa wannan a lissafi. Karnukan ƙasashen sanyi masu yawan gashi sun fi shan wahala, kuma in aka ɗaure su a rana ko a kejin kwano, zafi kaɗai yana iya kashe su.

Faɗa da tarbiyya

Halin kare ɗaya daban, halin garke daban. Da zarar sun kai uku ko huɗu sai neman girma ya shiga tsakaninsu. Maza sukan yi mummunan faɗa a kan mace, masu ƙarfi su hana raunana ci. Shi ya sa gwanayen mafarauta ke raba musu kasko, su tsaya a kansu har su gama. Bugu da ƙari, karnuka suna koyi da juna. In ɗaya ya fara haushi sauran za su amsa, in ɗaya ya bi akuya sauran za su rufa masa baya, kuma abin da kare ɗaya ba zai yi ƙarfin halin yi ba, garke zai aikata. Idan aka ga ana raba faɗan karnuka da hannu, to, a shirya zuwa asibiti. Ruwa ake watsa musu, ko a sa faifan katako a tsakani.

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Kowane ɗaya sai an ba shi lokacinsa tun yana ƙarami, ya san sunansa, ya san kira, ya san hani. Mafarauci yana samun wannan dama domin kullum yana tare da su, kuma suna gudu a daji su huce. Ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da dare, ya bar karnuka biyar a sarƙa, yana tara wa kansa fitina ne, domin karen da ya daɗe a ɗaure ya fi saurin cizo.

Cututtuka

Inda dabbobi suka cunkushe, nan cuta ke samun wurin zama. Kaska da ƙuma da ƙazwa suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan, kaska kuma takan ɓuya a tsagar bango ta yi ƙwai, sai ta ƙi ƙarewa. Akwai wata cutar amai da gudawar jini da aka fara ganewa a duniya a 1978, wadda ke iya share kwiyakwiyan gida gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Tana da rigakafi, amma kowane kare da kuɗin allurarsa. Haka maganin tsutsar ciki, wanda ake so a ba baligi kamar duk wata 3.

Babbar magana ita ce ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamu su fito, ko da yake tana iya yin sati ɗaya kawai, ko ta kai shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane. Rauni ya warke, an manta, sai kwatsam zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa su bayyana, kuma daga wannan lokaci kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Watau sa'o'inmu ne da ƙannenmu.

Abin takaici shi ne, maganin wannan asara ya daɗe a hannu. A watan Yuli na 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. A nan gida akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta kuma daɗe tana sarrafa allurar rigakafin dabbobi, har da ta haukan kare. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa. Ana ware ranar 28 ga Satumba don wayar da kai a kanta, kuma ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina mutuwa ta dalilin cizon kare. Mai karnuka da yawa yana da babban kaso a wannan aiki. A yi wa kwikwiyo allura yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, a adana takardar shaida.

Idan kare ya ciji mutum

Muna roƙon kowane ɗalibi ya haddace waɗannan, ya kuma koya wa na gida:

1. A wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabulu har tsawon minti 15.
2. Kada a ɗaure shi tamau, kada a zuba toka ko ƙasa, kada a shafa gashin karen kamar yadda wasu ke yi. Wannan ba ya kashe ƙwayar cutar.
3. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Allurar mutum ba ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranaku daban-daban, kuma dole a kammala.
4. In an san karen, a killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.
5. Yaro kada ya ɓoye cizo don tsoron duka. Iyaye kuma kada su doki yaron da ya kawo ƙara.

Haƙƙin maƙwabta

A garinmu ƙofar gida ba ta rabuwa da baƙi. Almajiri zai zo bara, yarinya za ta zo talla, a aiko yaro karɓar garwashi ko rariya, ga awaki da tumaki suna kiwo a lungu. Karen da ya tsinke sarƙa ya yayyaga ragon layyar maƙwabci ya jawo biyan diyya, ya kai mutum gaban mai unguwa ko alƙali, ya ɓata zumuncin shekaru. In kuwa ɗan mutane ya ciza, ba kuɗin da zai goge abin daga zuciyar iyayensa. Haka nan haushin karnuka shida da tsakar dare yana hana marar lafiya da mai jego barci, warin kashinsu kuma ba ya tsayawa a katanga. Yawancin maƙwabtanmu suna ƙyamar yawun kare ya taɓa musu tufafi ko ƙwarya, kuma mutunta wannan yana cikin zaman lafiya. Ya kamata mai kare ya sami doguwar katanga da ƙyaure mai kyau, ya rubuta gargaɗi a bakin ƙofa, ya kwashe ƙazanta kullum ya binne.

Kammalawa

Ba muna cewa kare ba shi da amfani ba ne. Ya tsare garke daga dila, ya tashi maigida lokacin da ɓarawo ke haura katanga, ya ciyar da iyalin mafarauci, kuma a riƙon amana kaɗan ne dabbar da ta kai shi. Abin da muke cewa shi ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin mutum ya ƙara na biyu ko na uku, sai ya tambayi kansa: Ina da abin ciyar da su ba tare da na tauye iyalina ba? Ina da fili da inuwa da ruwa? Zan iya biyan allurar kowane ɗaya duk shekara? Zan kai su wurin likitan dabbobi a yi wa mazan fiɗiya, a tsayar wa matan haihuwa? Wa zai kula da su in na yi tafiya ko na kwanta ciwo? In amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, to, gara kare ɗaya ƙosasshe mai lafiya da goma masu yunwa. Dabbar da ka ɗaure amana ce a wuyanka, domin ba ta da bakin kai ƙara. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kare mu da ƙannenmu, Ya ba mu ikon sauke nauyin da muka ɗauka, amin.