Sefsis: Lokacin da Garkuwar Jiki Ta Juya wa Mai Ita

A shirin lafiya na makon jiya wani mai sauraro daga Bawku ya yi tambayar da ta cinye kusan rabin lokacinmu: yaya ƙaramin gyambo a ƙafa, ko zazzaɓin kwana biyu, zai kai mutum kushewa alhali ana ba shi magani? Ga amsar a rubuce, domin wanda bai kama tashar ba a ranar.

Likitoci suna kiran abin sefsis. Da can ana cewa gubar jini, sunan da ke ruɗar mutane, tunda ba guba aka sha ba. Tun 2016 ma'anar da aka tsaya a kai ita ce: ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki ta tashi yaƙi, sai yaƙin ya wuce gona da iri har ya fara lalata sassan jikin mai shi.

Ka tuna ranar da ƙaya ta soke ka. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana zogi. Wannan aiki ne mai kyau. Fararen ƙwayoyin jini da ke gadi a wurin sun gane baƙo, suka saki sinadaran kiran gayya da ake ce wa sitokayin. Su ne ke sa jijiyoyin jini na wurin su buɗe, bangonsu ya saki, ruwa da mayaƙa su fito, jini ya ɗan daskare kewaye da ciwon don kada cutar ta bazu. Kamar manomi ne ya kunna wuta don share gonarsa.

To, kowa a arewacin Gana ya san abin da ke faruwa idan iskar hunturu ta ɗauki wannan wutar. A sefsis, kiran gayyar ya cika jini gaba ɗaya. Jijiyoyi ko'ina sun buɗe suna yoyo, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi. Zuciya ta riƙa gudu don ta cike giɓin. Ƙananan gudajin jini su toshe siraran hanyoyi, iskar da jini ke kaiwa ta daina isa inda ake bukata. Ƙoda ta rage fitsari. Huhu ya tara ruwa, numfashi ya yi sauri. Ƙwaƙwalwa ta rikice, dattijo mai hankali ya fara sambatu, har a ce iskoki ne. Wanda ya tsallake wannan mataki kuma garkuwarsa kan gaji liƙis, wata cutar ta biyu ta same shi ba mai tsaro.

Sai ka ce, me zai hana a kashe wutar kawai? An gwada. A shekarun 1990 an jarraba magungunan toshe sitokayin, ba su ceci rai yadda aka zata ba. Wani mai suna Xigris ya shiga kasuwa a Amurka a 2001, aka janye shi a 2011. Abin da ke aiki har yau shi ne kashe tushen cutar da wuri: maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, fitar da mugunya, iskar oksijin, da ƙarin ruwa bisa awo. Bisa awo na ce. Wani gwaji da aka yi kan yara fiye da 3,000 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, aka bayyana a 2011, ya nuna cewa ɗura ruwa da sauri ya ƙara mace-mace. Saboda haka a rataya wa mara lafiya ruwa a ɗaki, don wani mai kemis ya ce zai ba shi ƙarfi, ganganci ne.

Girman abin ba wasa ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya ce a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Wajen miliyan 20 na waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

A nan yankinmu ƙofofin sanannu ne. Muna cikin zirin sanƙarau da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha, kuma lokacin zafi yakan zo da shi. Akwai ciwon huhu, taifot, ciwon mafitsara, gyambon mai ciwon suga, zazzaɓin mai jego bayan haihuwa. Akwai cibiyar jariri, wadda wasu ke shafa wa man kaɗanya ko toka. A bar ta da tsabta, a shafa abin da ungozomar asibiti ta bayar kawai. Babban tarkon kuwa shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya. A yi gwaji. Ko gwajin ya nuna maleriya ce, idan jiki na ƙara lalacewa a koma, don cuta biyu kan haɗu.

Ga abin da za ka duba, malam, kuma ke ma uwar gida: numfashi da sauri, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayarwa, yini guda ba fitsari, hannu da ƙafa sun yi sanyi. Jikin ma ba lallai ya yi zafi ba. Jariri da tsoho sukan yi sanyi ne. Jaririn da ya ƙi kama nono, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti mafi kusa, ko a kira 112 idan a Gana ake. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Tamale. Ka riƙe katin inshorar lafiya da kwalin duk maganin da aka sha, ka gaya wa nas ranar da ciwon ya fara da lokacin da mara lafiya ya yi fitsari na ƙarshe.