Dakoro: Kuɗin cin rani na cika rumbu, amma akushin gida na raguwa da hannuwa

A Dakoro, da ke arewacin jahar Maradi a Jamhuriyar Nijar, ba kasafai ake tambayar mutum ko yana cikin farin ciki ba. Ana tambayar lafiyar iyali, da yadda damina ta yi, da ko hatsin rumbu zai kai wata kaka. Idan amsoshin sun yi daɗi, sai a ce akwai rufin asiri.

Wannan ma'auni yana da dalili. Yankin na kan iyakar ƙasar noma da ta kiwo, inda Hausawa da Fulani da Buzaye ke dogaro da ruwan sama na wata uku zuwa huɗu. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da ɓarnar fara a daminar 2004, Dakoro na cikin wuraren da yunwa ta fi yi wa illa, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. A irin wannan shekara, wanda ke da dangi shi ke da madogara.

Tsarin zaman gida ma a kan haka aka gina shi. A gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, su zuba a rumbu ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Makiyaya kuma suna da habbanaye: a ba ɗan'uwa ko aboki aron saniya, ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita.

Sai dai gandu na fuskantar matsi. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa mace a jahar Maradi na haihuwar yara fiye da 8 a matsakaici. Duk rabon gado yana ƙara tsinka gona, kuma gonar da ta ciyar da gida ɗaya ba ta isar gidaje biyar. Shi ya sa da an gama girbi matasa ke kama hanyar Kano da Legas, ko Libiya da Aljeriya, ko wuraren haƙar zinare na jahar Agadez da suka bunƙasa tun 2014.

Kuɗin da suke turowa ta kamfanoni irin su NITA da Amana na sayen buhun gero, da magani, da ragon suna. Amma ɗawainiyar yara da tsofaffi da dabbobi takan koma kan matan da aka bari a gida. Shi kuma wanda ya tafi, sau da yawa yana ɓoye wahalar da yake sha don kada a ce ya gaza.

Rahoton farin ciki na duniya na 2025 ya taɓo wannan gaɓa. Ya gano cewa yawan cin abinci tare da wasu na da alaƙa mai ƙarfi da gamsuwar mutum da rayuwarsa, kusan kamar yadda samun kuɗi da aikin yi suke da ita. Finland ce ta zo ta ɗaya a jerin ƙasashe, amma a fannin cin abinci tare Senegal ce kan gaba.

Ga matashin Dakoro da ke nesa, zama a gida babu abin hannu ba kwanciyar hankali ba ce, tura kuɗi kaɗai kuma ba ya cike gurbinsa a tabarmar tuwon dare. Saƙon murya na WhatsApp na rage kewa, amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Don haka ne idan hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni, motocin da ke tashi daga Maradi zuwa Dakoro ke cika da masu komawa gida shuka.